Zama, Rarrafe, Tafiya: Jagora Ga Mai Rainon Ƙaramin Yaro

A yawancin gidajenmu da ɗan maƙwabta ake auna yaro. An haife su wata ɗaya, wancan ya fara bin bango, namu ko rarrafe bai yi ba. Sai hankalin uwa ya tashi, kaka ta ce nauyin ƙafa ne irin na dangin ubansa, wata kuma ta aiko da saiwar da za a jiƙa a riƙa yi masa wanka. Wannan ma'auni yana cutarwa ta fuska biyu. Yana sa a damu da yaron da lafiyarsa lau, yana kuma sa a yi sake da wanda ya kamata likita ya gani tun yana wata huɗu, don wani ya ce ai wane ma sai da ya shekara biyu kafin ya taka.

Akwai ma'aunin da ya fi wannan. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar da ta yi wa yara lafiyayyu sama da 800 a ƙasashe biyar: Gana, Indiya, Nowe, Oman da Amurka. Ta ga cewa zama ba tare da tallafi ba yana zuwa ne tsakanin kusan wata 4 da wata 9. Tsayuwa da dafa wani abu, wata 5 zuwa 11. Rarrafe, wata 5 zuwa 13 da rabi. Tsayuwa shi kaɗai, wata 7 zuwa 17. Tafiya ba riƙo kuwa, daga wata 8 har kusan wata 18. Ke nan tsakanin mai saurin ƙafa da mai jinkiri ana iya samun tazarar kusan wata goma, kuma dukansu lafiya suke. Kimanin yara 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam. Wasu jan gindi suke yi, wasu jan ciki, daga nan sai su miƙe. Idan yaro bakwaini ne, a cire makonnin da ya rage bai cika a ciki ba kafin a lissafa watanninsa, har ya kai shekara biyu. Wanda aka haifa saura wata biyu, in ya kai wata takwas, abin da ake nema a wurin ɗan wata shida za a nema a wurinsa.

Saboda haka abin lura ba watan da yaro ya yi abu kaɗai ba ne. A duba ko yana ci gaba daga wata zuwa wata, ko dama da hagunsa suna aiki daidai, da ko akwai abin da ya iya a da amma yanzu ya daina.

A ba shi ƙasa

Ƙarfin jikin jariri daga sama yake saukowa. Wuya ne farko, sai kafaɗa da baya, sai ƙugu, ƙafafu su zo a ƙarshe. Yaron da bai riƙe wuyansa ba ba zai zauna ba, wanda bayansa bai yi ƙwari ba kuma duk tata da za a yi masa ba za ta sa shi tafiya ba. Wurin da ake gina wannan ƙarfi kuwa shi ne ƙasa, a kan shimfiɗa mai tauri.

Tun daga makonnin farko, bayan cibiya ta faɗi, a riƙa kwantar da shi rub da ciki lokacin da idonsa biyu kuma wani babba yana kusa. A fara a kan ƙirjin uwa ko na uba, babban ya kishingiɗa, fuskar jaririn tana kallon tasa. Minti ɗaya ko biyu ya isa da farko. Daga nan a koma kan tabarma da aka shimfiɗa wa zane mai tsabta. Katifa mai laushi ba ta dace ba, domin hannunsa nutsewa yake yi, ba ya samun abin turawa. Idan yana fama, a naɗe ƙaramin tawul a sa ƙarƙashin ƙirjinsa, hannayensa su fito gaba. Yayarsa ta kwanta a gabansa tana masa magana, ko a ajiye wani abu mai launi inda sai ya ɗaga kai zai gani. Kada a yi da zarar ya gama shan nono, zai yi tumbuɗi. In ya fara kuka a ɗaga shi, a sake gwadawa an jima. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2019 ita ce jaririn da bai fara motsawa da kansa ba ya samu aƙalla minti 30 na wannan kwanciya a yini, a rarrabe. Barci kuwa a rigingine ake kwantar da shi, don kwanan rub da ciki yana ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya ga jarirai. A riƙa sauya ɓangaren da kansa ke fuskanta, kada gefe ɗaya ya baje.

Ga goyo. Goyo da zane da majanyi abu ne mai kyau, kuma likitocin ƙashi sun san haka. Yadda cinyoyin yaro ke buɗewa a bayan uwa, gwiwoyinsa a lanƙwashe, shi ne zaman da ya fi dacewa da gaɓar ƙugu lokacin da take ƙosawa, shi ya sa gocewar ƙugu ta fi yawa a al'ummomin da ke naɗe jariri tam, ƙafafunsa a miƙe a haɗe. Motsin uwa yana kuma koya wa yaro riƙe wuya da daidaita jiki. Inda matsala take shi ne yini a baya. Shawarar 2019 ta ambaci goyo ƙarara cikin abubuwan da bai kamata su wuce awa ɗaya a jere ba alhali yaro yana farke. Na san mai surfe, mai tuyar ƙosai ko mai aikin gona ba za ta riƙa kallon agogo ba, kuma sau da yawa bayanta ne wurin da ya fi aminci. Abin da ake so dai shi ne duk lokacin da aiki ya lafa a sauke shi ya wuntsila, kada saukewar ta zama sai in za a ba shi nono.

Kafin a sauke shi, a duba wurin da idon mai rarrafe. Kashin kaji da na awaki a share, domin abin da hannu ya taɓa baki zai kai, gudawa kuma na karya yaro fiye da yadda ake zato. Murhu, kurfoti da tukunyar ruwan zafi su yi nesa. Bokiti ko baho mai ruwa a zubar ko a rufe, don ɗan ruwa kaɗan yana iya halaka yaron da ya kifa ciki. Rijiya a rufe ta da murfi mai nauyi. Kananzir da fiya-fiya kada a zuba su a gorar lemo.

Koyon zama da maganar keke

Al'adar zaunar da jariri tsakanin ƙafafun uwa, ko a cikin kwali an kewaye shi da tsumma, ba laifi ba ce idan ya riga ya riƙe wuyansa. Wani mai bincike, Charles Super, ya wallafa a 1976 cewa jariran Kipsigis na Kenya, waɗanda iyayensu ke koya musu zama da tafiya da gangan, suna riga yaran Amurka yin waɗannan biyun, amma ba su riga su rarrafe ba, wanda shi ba a koya musu. Ke nan abin da aka ba yaro damar maimaitawa shi yake ƙwarewa a kai. A yi zaman na ɗan lokaci, in ya fara zubewa gaba ko kansa ya langaɓe a kwantar da shi. Kuma kada zaman ya cinye lokacin kwanciya a ƙasa, domin yaron da kullum zaunar da shi ake yi yakan daɗe bai koyi tashi zaune da kansa ba. Idan ya zauna daram, a riƙa ajiye abin wasa ɗan nesa da shi, a gefe, yau dama gobe hagu. Miƙa hannun da zai yi ya dafa ƙasa shi ne mafarin rarrafe.

Keken nan na roba da ake saka yaro a ciki, ƙafafunsa na reto yana zarya a tsakar gida, shi ne abin da zan ce a bar kuɗinsa a aljihu. Ana sayensa da niyyar ya gaggauta tafiya, amma ba ya yin hakan. Yaro ba ya ganin ƙafafunsa, yana tura kansa da yatsu, kuma keken ne ke ɗauke da nauyin da ya kamata ƙugunsa ya koyi ɗauka. Ga shi yana kai shi bakin murhu ko dakali da saurin da babba ba zai cim masa ba. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda raunukan da yake jawowa. Na katako mai ƙafa uku da kafintocinmu ke yi, wanda yaro ke tsayawa a baya yana turawa, ya fi shi nesa ba kusa ba, muddin yaron ya riga ya iya miƙewa da kansa kuma ana kusa da shi. Kujera 'yar tsugunno ko kwali mai ɗan nauyi ma suna yin aikin.

In za a yi masa tata, a riƙe shi a ƙugu ko a sauke hannayensa daidai kafaɗarsa. Ɗaga su sama can yana sa ya rataya ne kawai. Kada a fizge yaro ko a ɗaga shi da hannu ɗaya, gwiwar hannu na iya gocewa. A ɗaki da kan tabarma a bar shi ba takalmi, tafin ƙafa na buƙatar jin ƙasa. Takalmi na waje ne, saboda ƙaya, zafin rairayi da tsutsar da ke shiga ta fata, kuma mai laushin ƙasa ya fi mai tauri.

Aikin yatsu

An fi zuba wa ƙafa ido, amma hannu ma yana da nasa matakan. Wajen wata 4 zuwa 5 yaro yana miƙa hannu ya kama abu. Wajen wata 6 zuwa 7 yana sauya shi daga wannan hannu zuwa wancan. Tsakanin wata 9 da 12 yana tsinkar ƙaramin abu da babban yatsa da manuniya. Ba sai an sayi komai ba: ludayi, murfin kwano, ƙoƙo, gwangwanin da ba shi da kaifi ana zuba abu ana juyewa. Mafi amfani shi ne a bar shi ya ci da hannunsa, ko da zai ɓata jiki: dafaffen dankali, ayaba, lomar tuwo mai laushi. Gyaɗa, aya, tsabar kuɗi da ƙaramin batirin agogo kuwa a kawar, suna shaƙewa, batirin ma yana ƙona maƙogwaro. In ya haura shekara a ba shi alli ko gawayi ya yi zane, ya tara duwatsu, ya yi wasan ƙasa. Wanda ya saba da waɗannan ba ya shan wuyar riƙe alƙalami ranar da aka kai shi makaranta.

Yawanci sai bayan shekara biyu ake gane hannun da yaro ya fi so. Bahago ba mara lafiya ba ne. Ana iya koya masa ci da dama cikin lallashi, a bar masa hagunsa wajen rubutu, ba duka ba tsawa. Amma jaririn da bai shekara ba, ya zama hannu ɗaya kawai yake amfani da shi, ɗayan a dunƙule, wannan ba baiwa ba ce, alama ce ta rauni a ɗaya ɓangaren.

Ƙafar baka, gwame da sauransu

Kusan duk yaron da ya fara tafiya ƙafafunsa a ɗan buɗe suke daga gwiwa, kuma sukan miƙe da kansu zuwa shekara biyu. Daga nan sai su juya, gwiwoyi su riƙa haɗuwa, abin ya fi fitowa a shekara 3 zuwa 4, ya daidaita wajen shekara 7 ko 8. Tafin ƙafa shimfiɗaɗɗe ma haka, lanƙwasarsa kan bayyana wajen shekara shida. Tafiya da ɗage dunduniya abu ne da masu koyon tafiya ke yi, sai in ta wuce shekara biyu zuwa uku, ko a ƙafa ɗaya take, ko dunduniyar ba ta iya sauka ƙasa, sannan ake bincike. Waɗannan ba sa buƙatar ɗauri, tsaga ko takalmi na musamman.

Wadda ake kai wa asibiti ita ce lanƙwasar da ke ƙaruwa bayan shekara biyu, ko take a ƙafa ɗaya, ko ta zo da ciwo, gajarta, da kumburin wuyan hannu. Sau da yawa laushin ƙashi ne. A ƙasashen sanyi rashin bitamin D da jiki ke samu daga hasken rana ke kawo shi, amma binciken da aka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yaran da aka ba sinadarin kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Rana muna da ita, abin da ya yi ƙaranci a kwanon yaran shi ne kalsiyam. Kunun hatsi zalla ba ya wadatar da ƙashi. A haɗa da nono ko madara, garin ƙananan kifi da aka daka da ƙayarsu, miyar kuka, zogale da riɗi. Idan an gano laushin ƙashin da wuri, ƙafafu kan miƙe da magani ba tare da tiyata ba.

Abinci ne kuma ke bayan abin da ake kira kwanika. Cikin da uwa ta samu ba ya lalata nono kuma ba ya riƙe ƙafar yaro. Yaye na gaggawa, ba tare da abincin da zai maye gurbin nonon ba, shi ke sa yaro ya rame ya daina ƙoƙarin tashi. Tamowa da ƙarancin jini suna jinkirta tafiya, kuma duka ana maganinsu.

Jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe, ya juya ciki ya kalli ƙasa, kada a jira ya girma. Akwai hanyar da likita Ignacio Ponseti ya ɓullo da ita a Iowa ta Amurka: ana lanƙwasa ƙafar a hankali a sa filasta, a sauya duk mako har kamar sau biyar zuwa takwas, yawanci a ɗan yanka jijiyar dunduniya, sannan a sa takalmi mai sanda kusan dare da rana na wata uku, daga baya da dare kawai har shekara huɗu ko biyar. Inda iyaye suka fi faɗuwa shi ne takalmin. Sun ga ƙafa ta miƙe sai su ajiye shi, ita kuma ta koma. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da manyan asibitocin koyarwa ne wuraren da ake nufa da irin wannan.

Abin da ba a jira

Akwai alamun da haƙuri ba ya maganinsu. Yaro ya wuce wata huɗu kansa na langaɓewa. Jikinsa ya saki sharaf, ko ya sandare har sa masa riga na wahala, ƙafafu suna sarƙewa in an ɗaga shi. Ya kai wata 9 ba ya zama ko da an tallafe shi, ko shekara ɗaya ƙafafunsa ba sa ɗaukar nauyinsa, ko wata 18 bai taka ba. Hannu ɗaya ba ya motsi tun haihuwa, musamman bayan doguwar naƙuda. Ƙafa ɗaya ta fi gajarta, ko cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar ɗayar. Namiji ɗan shekara uku ko huɗu mai yawan faɗuwa, wanda sai ya dafa cinyoyinsa yake iya miƙewa. Da duk yaron da ya daina abin da ya iya.

Da yawa daga cikin waɗannan suna nuna raunin da ƙwaƙwalwa ta samu, ko wajen haihuwa idan jariri ya daɗe bai yi kuka ba, ko daga sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko shawarar jarirai. Ta ƙarshen nan ta fi ciwo domin ana iya tare ta. Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa a kwanakin farko, musamman ranar farko, ko ya rage kama nono, asibiti za a kai shi a ranar, a auna jini, in ta kama a sa shi ƙarƙashin fitilar magani. Shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan sukari ɓata lokaci ne. A kuma daina sa ƙwallon kafur a cikin kayan jariri, yana fasa ƙwayoyin jinin wasu yara ya tsananta shawarar. Yaron da irin wannan raunin ƙwaƙwalwa ya same shi ba ɗan ruwa ba ne, kuma ba laifin uwarsa ba ne. Gashin ƙashi da aka fara da wuri yana hana gaɓoɓi ƙagewa, yana kuma kai yara da yawa ga zama, ci da kansu, wasu har tafiya.

Biyu kuwa na gaggawa ne. Ɗingishi ko ƙin taka ƙafa tare da zazzaɓi na iya zama ƙwayar cuta a gaɓa ko ƙashi, musamman ga mai sikila, kuma kwanaki kaɗan sun isa su lalata gaɓar. Wurin maɗori ba wurinsa ba ne. Sai shanyewar ƙafa ko hannu farat ɗaya. An ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna a watan Agusta 2020, amma akwai nau'in da ke yawo inda riga-kafi ya yi ƙaranci, don haka duk yaro ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki kwatsam a kai shi asibiti mafi kusa a sanar. Wata shanyewar ma allura ce ke kawo ta, idan aka yi wa ƙaramin yaro a ɗuwawu ta taɓa babbar jijiya, sai a ga yana jan tafin ƙafa. Shi ya sa alluran riga-kafin jarirai da yawa a cinya ake yin su. Kada a bar wanda bai ƙware ba ya yi wa yaro allura don zazzaɓin da maganin sha zai warkar.

Bayan ya taka

Daga shekara ɗaya zuwa biyar abin da ake so shi ne awa uku na motsi a yini, a rarrabe, kuma daga shekara uku awa ɗaya a ciki ta zama ta guje-guje har da haki. Ɗan shekara biyu yana gudu yana dukan ƙwallo, ɗan uku yana tsalle da ƙafa biyu, ɗan huɗu yana iya langa kaɗan. Gare, 'yar gala-gala, tsallen igiya da carafke sun ƙunshi duk abin da ake nema. Abin da ke cinye lokacinsu yanzu shi ne waya. Yaro ƙasa da shekara biyu ba a so a ba shi ita, daga nan zuwa huɗu kada kallo ya wuce awa ɗaya a yini.

Ranakun riga-kafi, wato mako 6, 10 da 14, sai wata 9 da 15, dama ce ta tambaya. A je da katin yaro. Kada a tsaya a kan "ba ya tafiya". A ce, "Likita, tun wata shida na lura hannunsa na hagu ba ya buɗewa, kuma da aka haife shi ya yi shawara." In akwai waya, a ɗauki bidiyon abin a gida, don yara sukan ƙi motsi a gaban baƙo. Idan aka tura ku sashen gashin ƙashi, uwa da uba su nemi a nuna musu atisayen da hannunsu, su maimaita a gaban ma'aikacin har ya tabbatar sun iya, su tambayi sau nawa za a yi a yini da ranar da za a dawo a sake dubawa.